Foundation na Asimov: ta ina ake kamawa, kuma wane ci-gaba ne ya cancanci karatu?

Malam Bello:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sanda aka ambaci jerin Foundation na Isaac Asimov, wato littattafan ƙagaggen labarin kimiyya a kan rushewar wata daular taurari, tambaya biyu ce ke tasowa: ta ina sabon mai karatu zai kama, kuma idan ya ƙare, yaya zai yi da ci-gaban da wasu suka rubuta. Ga nawa ra'ayin, ku gyara inda kuka ga da gyara. Wanda bai karanta ba ya sani, za a fasa ƙwai a nan.

Littattafai bakwai Asimov ya rubuta da hannunsa a wannan jeri. Ukun farko su ne Foundation na 1951, Foundation and Empire na 1952, da Second Foundation na 1953. Asalinsu labarai takwas ne da suka fito a mujallar Astounding Science Fiction tsakanin 1942 da 1950, sai ya rubuta sabon sashen buɗewa lokacin da za a haɗa su littafi. Daga nan ya ajiye jerin kusan shekara talatin. Ya dawo da Foundation's Edge a 1982 da Foundation and Earth a 1986, sannan ya koma baya zuwa rayuwar Hari Seldon, masanin lissafin da ya kafa Gidauniyar, wato Foundation ɗin, da Prelude to Foundation a 1988 da Forward the Foundation a 1993, wanda ya fito bayan rasuwarsa a 1992.

Shawarata a bi su yadda suka fito. Biyun ƙarshen nan, ko da yake a tarihin labarin su ne a gaba, an rubuta su ne don wanda ya riga ya san komai. Second Foundation gaba ɗayansa neman amsar tambaya ɗaya ce, ina Gidauniya ta Biyu, ɓoyayyiyar ƙungiyar da Seldon ya kafa, take, Forward the Foundation kuwa yana nuna maka yadda aka kafa ta da inda aka ajiye ta. Wanda ya fara da shi ya kashe wa kansa littafi guda.

Kawu Sani:
Wa alaikumus salam. Malam Bello, na yarda da kai a kan ukun farko, amma jerinka yana da rami. Foundation and Earth ba ya zama daidai a kan wanda bai san littattafan mutum-mutumi ba. Jaruman littafin, Trevize da Pelorat, suna sauka a duniyar Aurora, su tarar babu kowa sai karnuka da suka koma na daji. Suna sauka a Solaria. A ƙarshe su haɗu da Daneel Olivaw, tsohon mutum-mutumi, a duniyar wata. Idan ba ka karanta The Caves of Steel na 1954 da The Naked Sun na 1957 ba, waɗannan sunaye ne kawai a wurinka, ba za su taɓa maka zuciya ba. A The Naked Sun ne ake nuna Solaria da mutum dubu ashirin, kowane mutum ɗaya da mutum-mutumi dubu goma, suna ƙyamar haɗuwa ido da ido. Sai ka san wannan sannan za ka gane abin da suka zama bayan shekara dubu ashirin.

Don haka ni tsarina: ukun farko, sai Foundation's Edge, sai a dakata a ɗauko The Caves of Steel, The Naked Sun, The Robots of Dawn na 1983, da Robots and Empire na 1985. Bayan nan Foundation and Earth, sai biyun rayuwar Seldon.

Malam Bello:
Gyara ne mai kyau, Kawu. Na karɓa. Littattafan Daula guda uku, Pebble in the Sky da 'yan'uwansa, ana iya barinsu zuwa ƙarshe, babu abin da ya rataya a kansu.

Malama Hauwa:
Kafin a shiga maganar ci-gaba, ya kamata a tsayar da dokokin wannan duniya, domin da su ne ake auna duk abin da wani ya ɗora.

Seldon ya gano lissafin da ke hasashen tafiyar al'umma, ba ta mutum ɗaya ba. Ya ga Daular da ke mulkin duniyoyi miliyan 25 za ta rushe, a shiga duhun shekara 30,000, shi kuma yana so ya rage shi zuwa 1,000. Lissafin yana da sharaɗi biyu. Na ɗaya, mutanen su yi yawa ƙwarai. Na biyu, kada su san abin da aka hasasa a kansu, don in sun sani za su sauya hali. Shi ya sa aka tura mutanen Gidauniya ta Farko zuwa duniyar Terminus ba tare da masanin wannan lissafi a cikinsu ba, aka bar su suna zaton kundin ilimi kawai aka aiko su rubutawa, har sai da Seldon, ta hoton da aka naɗa kafin mutuwarsa, ya bayyana a ɗakin ajiyar saƙonsa bayan shekara hamsin ya gaya musu gaskiya.

Inda za a ga dokar tana aiki ƙarara shi ne labarin Janar Bel Riose na Daula, wanda ya kawo wa Terminus yaƙi. Lathan Devers da Ducem Barr sun yi ta fafutukar tare shi, har Trantor, babban birnin Daular, suka je suna ba da cin hanci don su ga sarki, kuma duk wahalarsu ba ta sauya komai ba. Abin da ya ceci Terminus shi ne yanayin Daular kanta. Janar mai rauni ba zai iya yaƙar su ba. Janar mai ƙarfi a ƙarƙashin sarki mai rauni, gadon sarautar zai nufa. Janar mai ƙarfi a ƙarƙashin sarki mai ƙarfi kuwa, sarkin ba zai bar shi ya yi suna ba, kuma haka Cleon na Biyu ya kira Riose gida aka kashe shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wannan ne ginshiƙin jerin.

To mafi yawan ci-gaban da ke faɗuwa, a nan suke faɗuwa. Marubucin zai kawo jarumi ɗaya ya ci yaƙi da bajintarsa, Shirin Seldon ya zama ado a gefe.

Ɗan Bita:
Malama, ai Mule mutum ɗaya ne, kuma ya rusa Shirin. Bayta Darell ma mace ɗaya ce, ita ta tare shi lokacin da ta harbe Ebling Mis kafin ya faɗi inda Gidauniya ta Biyu take. Ke nan Asimov da kansa ya karya dokar.

Malama Hauwa:
Ya karya ta, ɗan'uwa, amma ka duba abin da ya biya. Mule ba gwani ba ne kawai, halitta ce da lissafin bai tanade ta ba, mai iya juya zukatan mutane, wato ya taɓa tushen da aka gina hasashen a kai. Kuma an nuna mana karyewar a fili. Ranar da Seldon ya bayyana wajen shekara ta 300 da kafa Gidauniya, mutane sun taru suna jiran ya yi maganar Mule, sai ya kama maganar yaƙin basasa tsakanin fatake da gwamnatin Terminus, rikicin da bai ma auku ba. Nan take kowa ya gane Seldon bai san da Mule ba, gari ya ruɗe, Terminus ta faɗi. Bayan haka sai da aka ɗauki littafi guda cur ana ɗinke ɓarnar, har Gidauniya ta Biyu ta sadaukar da mutanenta hamsin don mutanen Terminus su ɗauka sun gama da ita, su koma rashin sani.

Wanda zai kawo mutum ɗaya ya juya tarihi a ci-gabansa, sai ya biya irin wannan kuɗin. In bai biya ba, labarin yaƙin sararin sama ne kawai da sunayen aro.

Yaya Rabi:
Bari in raba ci-gaban gida uku, don mutane suna cakuɗa su.

Akwai waɗanda aka rubuta da izini. Foundation's Friends na 1989 tarin labarai ne da marubuta daban-daban suka yi don karrama Asimov yana raye, kuma The Originist na Orson Scott Card da ke ciki yana daga cikin mafi kyawun abin da wani ya taɓa rubutawa a wannan duniya. A ɗakin karatun Trantor yake gudana, a kan yadda Gidauniya ta Biyu ta soma tsiro cikin masu tsara fihirisa. Bayan rasuwarsa magadansa suka ba marubuta uku izini: Gregory Benford ya yi Foundation's Fear a 1997, Greg Bear ya yi Foundation and Chaos a 1998, David Brin ya yi Foundation's Triumph a 1999. Abin lura, dukansu a zamanin Seldon suke. Babu wanda ya ɗora daga inda Foundation and Earth ya tsaya.

Akwai wanda aka buga ba da sunayen Asimov ba. Psychohistorical Crisis na Donald Kingsbury, 2001. Ya sauya sunaye: Trantor ta zama Splendid Wisdom, Terminus ta zama Faraway, Seldon kuma ana ce masa Mai Kafawa kawai. Shi ya tsallaka can gaba, bayan Daula ta Biyu ta kafu masu lissafin suna mulki, ya yi tambayar da ta dace: in har mulkinku ya dogara ga ɓoye ilimin, me zai faru ranar da wasu suka gano shi da kansu? Littafi ne mai kauri da nauyi, amma a ganina shi ya fi kowa ɗaukar lissafin da muhimmanci.

Na uku su ne fanfik, wato abin da masu karatu ke rubutawa kyauta su ɗora a intanet.

Kawu Sani:
Game da na Benford, in faɗi gaskiya, nan ne mutane da yawa ke ajiye jerin. Ya shigo da abubuwan da babu su a duniyar Asimov. Tafiya tsakanin taurari ta koma ta cikin ramukan sararin samaniya maimakon tsallen da aka sani. Ya cika shafuka masu yawa da muhawara tsakanin kwaikwayon Voltaire da na Joan ta Arc da aka raya a cikin kwamfuta. Akwai dogon sashe da Seldon ke shiga jikin biri. Ba wai rubutun ba shi da kyau ba, amma ba muryar gidan ba ce. Bear da Brin sun yi aiki sosai wajen mayar da abubuwa kan hanya. Wanda Benford ya gajiyar da shi, ya nemi taƙaitaccen bayaninsa ya wuce zuwa na Bear, kada ya yar da ukun duka. Na Brin yana da jadawalin tarihi a ƙarshensa, yana da amfani ga duk mai son ya rubuta nasa.

Ummu Sadik:
Ni inda nake so a tsaya shi ne ƙarshen Foundation and Earth, domin duk fanfik mai ma'ana daga nan yake tashi. Foundation's Edge yana gudana a shekara ta 498 ta Gidauniya. Shirin na shekara 1,000 ne. Ke nan rabin labarin Asimov bai rubuta ba. Kuma ya bar ƙofa uku a buɗe.

Trevize ya zaɓi Galaxia, wato dukan duniyoyi da mutanensu su zama hankali guda irin na Gaia, duniyar da duk abin da ke cikinta tunaninsa ɗaya, ya ƙi Daular Terminus ta ƙarfin makami, ya ƙi ta Gidauniya ta Biyu ta juya tunani. Dalilin da ya gano daga baya shi ne lissafin Seldon yana da sharaɗi na uku da ba a faɗa ba, cewa ɗan Adam ne kaɗai mai hankali a fagen. In wasu halittu suka zo daga wani taron taurarin, lissafin ba ya aiki a kansu. Sai kuma Fallom, ɗan Solaria da Daneel ke shirin haɗa ƙwaƙwalwarsa da tasa, wanda littafin ya rufe da shi yana kallon Trevize, alamar baƙon ba lallai daga waje zai zo ba.

Mai rubuta ci-gaba dole ya ɗauki matsaya a kan ukun nan: Galaxia ta tabbata ko a'a, baƙin sun zo ko a'a, me Solaria ta zama. Idan ka karanta babi uku na fanfik ba ka ga marubucin ya san da waɗannan tambayoyi ba, to daga ukun farko kawai yake rubutu, ko daga shirin talabijin.

Malam Bello:
A kan Galaxia akwai hujja a cikin littattafan kansu. Guntayen kundin ilimin nan da ke buɗe sassa, an bayyana cewa daga bugu na 116 aka ɗauko su, wanda aka buga a Terminus a shekara ta 1020. Al'ummar da kowa ke cikin tunanin kowa, me za ta yi da kundin ilimi da kamfanin ɗab'i? Ke nan a 1020 akwai mutane masu zaman kansu, Galaxia ba ta haɗiye su ba. Brin ya yi amfani da wannan, ya sa Seldon ya yi caca da Daneel a kan ko za a ci gaba da buga kundin bayan shekara dubu.

Ummu Sadik:
Hujja ce, Malam, amma ba ta rufe magana ba. An rubuta wannan bayani shekaru da yawa kafin Gaia ta zo wa Asimov a rai. Kuma ba a ce Galaxia za ta kammala cikin shekara ɗari biyar ba, aiki ne mai tsawo. Tana iya kasancewa tana tafe a hankali alhali Terminus na buga littattafanta.

Malam Bello:
Sai dai Prelude ya fito bayan Foundation and Earth, kuma bai daina buɗe babi da guntayen kundin ba. Da yana so ya janye, da nan ne wurin.

Ummu Sadik:
Wannan kam gaskiya ne. Abin da nake ƙi shi ne fanfik da ke share Gaia da layi ɗaya kamar ba a taɓa yin ta ba. Duniya ce guda mai ikon da ya tsayar da jirgin Magajiyar Gari Branno ta Terminus da na Gendibal na Gidauniya ta Biyu a lokaci ɗaya, ta goge musu abin da ya faru. In za ka kayar da ita, ka nuna mana yadda aka yi.

Ɗan Bita:
To a aikace, yaya ake nemo masu kyau? Wanda ya shiga nema yakan tarar da labaran da ba su da alaƙa da littattafan.

Yaya Rabi:
Babbar ma'ajiya ita ce Archive of Our Own, wadda ake ce wa AO3. Ƙungiyar sa-kai ce ke gudanar da ita, an buɗe ta ga jama'a a 2009, ta kuma ci kyautar Hugo a 2019. Akwai FanFiction.net tun 1998, amma hanyar tacewarta ba ta kai ta AO3 ba. Karatu kyauta ne, yawancin labaran ba sa buƙatar rajista.

Dalilin abin da ka gani shi ne shirin Apple TV+ da ya fara a 2021 yana da nasa rukunin, kuma marubuta da yawa suna liƙa wa labarinsu alamar littafi da ta shirin gaba ɗaya. Shirin ya yi nisa da littafi. Sarakuna uku da ake kwafowa daga jikin Cleon babu su a littafi. Gaal Dornick a littafi saurayi ne da ya fito a sashen farko kawai. Salvor Hardin magajin gari ne ɗan siyasa mai gudun amfani da ƙarfi.

Ga yadda za ka yi. Shiga rukunin Foundation na Isaac Asimov, ka buɗe Filters. A sashen Exclude, ƙarƙashin Fandoms, ka cire rukunin shirin 2021. A Crossovers kada ka yi saurin cire duka, domin labarin da ya haɗa Foundation da jerin mutum-mutumi ana iya lissafa shi a matsayin gauraye, alhali shi kake nema. Gara ka cire baƙin rukunai ɗaya bayan ɗaya. A Completion Status ka zaɓi waɗanda aka kammala. A Word Count ka sa mafi ƙaranci 5,000 in ci-gaba na gaske kake so, don ƙasa da haka yawanci fage ɗaya ne. A wurin ƙarin alamomi ka gwada Post-Canon don abin da ya biyo bayan littattafan, Canon Compliant don wanda bai saɓa musu ba. Alamar Canon Divergence tana nufin marubucin ya sauya wani abu da gangan, misali Mis ya faɗi sirrin kafin a harbe shi.

Ka kula da Rating. General da Teen su ne marasa batsa. Mature da Explicit na manya ne. Not Rated yana iya zama komai, haka ma wanda marubucinsa ya zaɓi kada ya sa gargaɗi. In ka sami wanda ya yi maka, maɓallin Download yana ba da EPUB ko PDF, ka ajiye, domin marubuci yana iya goge aikinsa kowane lokaci.

Malama Hauwa:
Ƙari a kan na Yaya Rabi: kada a dogara da jera su bisa yawan kudos, wato alamar yabon da masu karatu ke latsawa. A ƙaramin rukuni irin wannan, abin da ke hawa sama shi ne wanda ya daɗe da kuma na soyayya tsakanin fitattun taurari, musamman Daneel da Elijah Baley, ɗan sandan littattafan mutum-mutumi. Labarin siyasar shekara ta 700 da sababbin mutane ba ya tara kudos, ko da ya fi kyau. Rukunin bai kai girman na Star Trek ba ko kusa, ana iya bin taƙaitattun bayanan ɗaya bayan ɗaya. In kuma ka ga wanda ba a kammala ba ya burge ka, duba ranar sabuntawa ta ƙarshe kafin ka zuba masa lokaci.

Kawu Sani:
Akwai gwaji mai sauri da ke nuna ko marubuci ya san gidan: kayan aikin zamanin da ya zaɓa. A zamanin Hardin, wajen shekara ta 50 zuwa 80, masarautun da ke kewaye da Terminus sun rasa ilimin nukiliya sun koma gawayi da mai, shi ya sa aka iya mulkarsu da addinin da aka naɗe kimiyya a ciki. A zamanin Hober Mallow, wajen 155, ƙarfin Terminus ƙanƙanta kaya ne, don duniyar ba ta da ƙarfe: garkuwar da Daula ke buƙatar katafaren inji kafin ta samar, su sun mayar da injinta ya kai girman ɗan ƙwallo a ɗamara. Mallow ya ci Korell ne da yanke ciniki, kayan gida da injinan masana'antu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har jama'a suka gaji. Trantor kuma, mai mutum sama da biliyan 40 a ƙarƙashin rufin ƙarfe, an wawashe ta wajen 260, waɗanda suka rage suka riƙa ɓamɓare ƙarfen suna sayarwa suna noma. Jirgi mai aiki da ƙarfin maganaɗisun nauyi, wanda ake sarrafa kwamfutarsa da ɗora tafin hannu, sai a 498 ya fito, kuma sabon abu ne na sirri.

Don haka in ka ga mutum-mutumi yana yawo a titin Terminus, ko jirgin Trevize a zamanin Mule, ko Trantor cike da jama'a a shekara ta 400, marubucin bai duba jadawali ba.

Ɗan Bita:
Amma Asimov ma yana saɓa wa kansa, ko ba haka ba?

Kawu Sani:
Yana yi, kuma ya faɗa da kansa a gabatarwar Prelude cewa ba a tsara littattafan tun farko su zama jeri ɗaya ba. Misali mafi girma shi ne gurɓatar Duniya da tururin nukiliya. A Pebble in the Sky na 1950 abin da ake fahimta yaƙi ne ya jawo. A Robots and Empire ya mayar da shi makircin Amadiro da Mandamus, wanda mutum-mutumin nan Giskard ya bari ya gudana don 'yan Adam su bazu cikin taurari. Ƙa'idar da masu rubutu suka fi bi ita ce na baya ya rinjayi na farko in sun yi karo, sai dai in marubucin ya faɗa tun a bayanin farko cewa ukun farko kaɗai ya ɗauka. Wannan zaɓi ne mai kyau, Kingsbury ma kusan haka ya yi, babu Gaia babu Daneel a nasa. Laifin shi ne a ɗauki rabi a bar rabi ba tare da an gaya wa mai karatu ba.

Yaya Rabi:
Ga wanda zai rubuta nasa, abu biyu. Haƙƙin mallakar littattafan yana nan daram, a Amurka aikin wancan zamanin da aka sabunta rajistarsa yana da kariyar shekara 95 daga ranar buga shi, don haka fanfik ba na sayarwa ba ne, kuma dokar AO3 ta hana neman kuɗi ko sa mahaɗin karɓar gudummawa a jikin labari. Na biyu, ba dole sai bayan 498 ba. Tsakanin ƙarshen Second Foundation da farkon Foundation's Edge akwai fiye da shekara ɗari da Asimov bai taɓa ba, har da rikicin ko a ɗauke babban birni daga Terminus, wanda ƙarshensa kawai muka gani. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka tsayar da shekarar, ka rubuta matsin da ke tahowa daga waje da wanda ke tasowa daga ciki, don rikicin Seldon, wato irin wanda Shirin ya hasasa, biyun ne ke haɗuwa, sannan ka tabbatar mafita ɗaya ce ta rage ko da jaruminka ya mutu a babi na biyu.

Malam Bello:
Madalla. Yaya Rabi, in kin samu sarari ki kawo mana jadawalin shekarun daga 1 zuwa 498 a saƙo guda, Kawu Sani ya duba shi da na bayan littafin Brin, don inda suka saɓa mu san wanne za mu bi.